Inda za a kwana: abin da jigilar iyalai daga Legas zuwa Arewa ta koya mini

Sana'ata tuƙi ce, kuma yawancin abincina a shata yake. Magidanci ya ɗauke ni da motata in kai masa iyali gida, in an gama biki in dawo da su. Kasuwarmu takan buɗe gab da Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, da kuma lokacin dogon hutun makaranta, sa'ad da 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba ke son yara su je su ga dangi, su kalli hawa. Daga Legas zuwa Kano tafiya ce da ta haura kilomita 1,000. Direban tasha da ya yi lodin gardawa yana iya dannawa ya kwana yana gudu, ko da yake shi ma kasada ce. Wanda ya ɗauko mai jego da tsohuwa da yara ƙanana ba shi da wannan damar. Dole a raba tafiyar biyu, a kwana a hanya. Ni a wurina zaɓen wurin kwanan nan ya fi riƙe sitiyari wuya, kuma a nan ake gane direban iyali.

Abu na farko, tun a gida ake yanke inda za a kwana, kafin a ɗaura kaya. Masu gida da yawa ba sa son jin wannan. Sai mutum ya ce mini, "Malam direba, mu dai kama hanya, inda dare ya yi mana sai mu nemi wuri." Nakan ce, "Ranka ya daɗe, in dare ya riga ya yi ai ba mu za mu zaɓa ba, abin da muka tarar shi za mu karɓa." Da duhu ba ka ganin unguwar da ka shiga. Ba ka sanin ko bayan katangar mashaya ce. Mai otal ya ga yara suna kuka a mota, ya san ba inda za ka, sai ya ƙara kuɗi kuma ka biya. Saboda haka ƙa'idata ita ce a kashe mota a masauki kafin kiran Magariba, ko da kuwa akwai sauran ƙarfi a jikina da sauran mai a tanki. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro haka suke yi, madugu ya san zangon da za a yada tun kafin a ɗora wa jakuna kaya, kuma da sauran rana ake sauka. Ba kilomita nake lissafawa ba, mafi rauni a cikin motar nake dubawa. In akwai jinjiri ko tsohuwa mai ciwon ƙafa, su ne ma'aunin tafiyar.

Hanya biyu muke bi. Ɗaya ta Ibadan, Ife, Akure, Owo, Okene, ta faɗa Lakwaja, daga nan Abuja, Kaduna, Zariya, Kano. Ɗayar ta Ibadan, Oyo, Ogbomoso, Ilori, a haye Kwara a Jebba, a kai Mokwa. Ga mai zuwa Kano ko Katsina ko Jigawa na fi son ta farko, kuma dalilin Lakwaja ne. Garin ya faɗo kusan tsakiyar tafiyar. In aka bar Legas bayan sallar Asuba, aka wuce babban titin Ibadan mai kilomita 127 kafin cunkoso ya taso, aka tsaya cin abinci da sallah a wajen Akure ko Owo, to da izinin Allah La'asar sakaliya ana Lakwaja. Tun da ta zama babban birnin jihar Kogi a 1991 masaukai suka yawaita, daga na masu hali har na talaka, don haka mutum yana da zaɓi.

Sai dai Lakwaja gari ne mai zafi da sauro, kasancewar a nan Kwara da Binuwai suka haɗu. Wanda ya kama ɗakin da ba fanka mai aiki, ba raga a taga, gara ma bai kwana ba. Kuma ba na sauke iyali a bakin babban titi, wajen Nataco da Felele inda tireloli da tankokin mai ke jeruwa. Wurin yana da kyau a tsaya a sayi kifi ko a ci abinci da rana. Kwana kuwa a'a. Hon da ƙarar injin ba sa barin yaro ya runtsa, ga shi ni ba na son kusantar tanka ko da a tsaye take. Wanda ya tuna abin da ya faru a mahaɗar Dikko kusa da Suleja a watan Janairun 2025, inda tankar mai ta fashe ta hallaka fiye da mutum 80, ba zai ce na cika tsoro ba. Nakan kutsa cikin gari, in nemi layi mai shiru.

Wani amfanin sauka da wuri shi ne yara su ga gari. Sun wuni a takure, ƙafafunsu sun sage, in ba su motsa ba ba za su yi barci ba. Nakan zagaya da su bakin kogi su ga ruwa, in nuna musu Dutsen Patti da ya yi wa garin rumfa. 'Yan makarantar cikinsu nakan gaya musu cewa a garin nan Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila ranar 1 ga Janairun 1900, kuma nan Turawa suka riƙa kawo sarakunan Arewa da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, a Lakwaja ya rasu a 1926, haka Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi a nan ya ƙare rayuwarsa, kaburburansu suna nan. Bakanon yaro da aka haifa a Agege yakan buɗe baki in ya ji haka. Iyayen ma, in gaya maka gaskiya, ba duka suka sani ba.

Ɗaya hanyar kuwa ta masu zuwa Kebbi da Sakkwato ce, su da za su bi Kontagora da Yawuri. Ilori gari ne mai daɗin sauka, masallatai ko'ina, abinci ba wanda zai yi maka shakka, amma ta yi kusa da Legas, kilomita 300 ne ko kusa da haka, sai a bar wa gobe aiki mai yawa. Duk da haka na gwammace in kwana Ilori in yi sammako da in ƙetare Jebba da yamma, saboda manyan motoci sun ci titin Mokwa. Ta Birnin Gwari kuwa, na daɗe ban bi da iyalin kowa ba.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi: mene ne masaukin da ya dace da iyali. Ba fenti ba ne, ba talabijin ɗin bango ba ne. Kuma ba maigida ne ya kamata ya duba ɗaki ba. Namiji yakan leƙa ya ga gado da na'urar sanyaya ɗaki ya ce ya yi. Ni nakan ce, "Alhaji, a bar Hajiya ta shiga ta gani." Ita kai tsaye banɗaki take nufa. Ta murɗa famfo ta ga ko ruwa na zuwa ko iska yake hurawa. Ta duba ko akwai bokiti, ta ɗaga zanen gado ta kalli katifa, ta taɓa sakatar ƙofa ta ciki. In ta fito ta ce, "Abban yara, ba ruwa," to magana ta ƙare, sai mu ƙara gaba, kuma wannan ne ya sa ake son isowa da sauran rana. Mace mai jinjiri tana da wankin tsumma da na kwalbar madara, ga yara da za a yi wa wanka, ga alwala. Ɗakin da ba ruwa azaba ce a kanta ita kaɗai, maigida yana can yana minshari.

Ni kuma nawa binciken a waje yake. Ina tambayar maigadi, ba mai karɓar baƙi ba, domin shi ba ruwansa da ciniki. "Baba, ƙarfe nawa ake kashe janareto?" In ya ce sha biyun dare, na san daga nan zafi da sauro za su karɓi aiki. Ina duba ko mota za ta kwana cikin get, don kayan Sallah da ke ɗaure a sama ba abin bari a titi ba ne. Ina kallon harabar: in na ga an jera fararen kujerun roba ana gwada lasifika, na san kiɗa za a kwana ana yi da shaye-shaye, ba wurin matan aure ba ne. Ina neman ɗakin ƙasa saboda tsohuwa, da ɗakuna biyu maƙwabtan juna in akwai 'yan mata da samari. Buta da darduma da maganin sauro kuwa a but ɗina suke kwana, domin a kudu ba kowane masauki ya san da zamansu ba.

Akwai masu cewa me zai sa a biya kuɗin ɗaki alhali da ɗan'uwa a Gwagwalada ko Suleja. Zumunci abu ne mai kyau, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa yana neman inda zai rage kashe kuɗi. Amma ra'ayina, sauka gidan dangi a kan hanya yana da tsadarsa. Ana isa za a zauna gaisuwa da hira har tsakar dare. Da safe matar gida ba za ta yarda a tafi ba sai an karya, kuma sai ta soya wani abu. Kafin a yi sallama a raba tsaraba rana ta take, an rasa sanyin safiyar da ake bukata. Ga shi an matsa wa mutane, an tashi yaransu daga ɗaki. In ziyara ake so, a ware mata yini guda. In kuwa wucewa ake yi, masauki ya fi sauƙi ga kowa. Banda haka, daga Lakwaja zuwa Abuja akwai kusan kilomita 200, kwaɗayin kwanan kyauta ne ke sa mutane cin wannan tazarar cikin dare.

Batun abinci gajere ne. Cikin yaro ba ya son baƙon abu a hanya. Manya su ci sakwara da amala yadda suke so, amma yara a riƙe musu abin gida: dambun nama, soyayyen nama, cincin, burodi, da fulas na ruwan zafi don shayi ko kunu. Zawo a mota yana iya mai da tafiyar kwana biyu ta koma uku, shi ya sa ba na rabuwa da ƙullin gishiri da sukari na kemis.

Sai barcin direba, wanda shi ne masu gida suka fi mantawa. An kama wa iyali ɗaki, sai a ce, "Kai ai ka kwana a mota, ka ga sai ka lura da kaya." Mutumin da zai riƙe rayukan 'ya'yanka gobe na awa takwas ko fiye, shi ka mayar maigadi, ya kwana a naɗe a kujera sauro na cizo. Ni tun wajen ciniki nake sa kuɗin ɗakina, ko ƙarami ne, wanda bai yarda ba ya nemi wani. Goro da shayi mai kauri ba sa biyan bashin barci, jinkirta shi kawai suke yi, kuma yakan zo karɓa ne a miƙaƙƙen titi bayan Azahar. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana ta nanata a huta bayan kowace awa huɗu ta tuƙi, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 12 su zauna a baya. Mu da yara a mota ko awa huɗun ba ma kaiwa, fitsari kaɗai ya isa ya tsayar da mu. Nakan haɗa tsayuwar da shan mai da sallah. Addini ma ya sauƙaƙa wa matafiyi, ya yi ƙasaru, ya haɗa Azahar da La'asar, don haka ba dalilin tsayawa a dajin da ba kowa. Gidan mai mai masallaci da banɗakin mata shi nake nema, kuma na haddace su a hanyar kamar yadda na haddace ramuka.

Kafin in kwanta nakan zagaya motar da tocila, in duba tayoyi da safaya, ruwan lagireto da baƙin mai, in ƙara ɗaure igiyar kaya. Sannan in buga wa abokan sana'a da suka taso daga Arewa a ranar, in ji labarin hanya. Wannan ya fi kowace taswirar waya. Sallah tana ja baya da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka duk shekara, saboda haka hanyar da ka sani da rani za ka same ta da damina. A 2012 da 2022 ruwa ya shanye titin Lakwaja zuwa Abuja wajen Koton Ƙarfe, kusa da gadar Murtala, motoci suka yi kwanaki a tsaye. A ƙarshen Mayun 2025, mako guda kafin Babbar Sallah, ambaliyar Mokwa ta kashe mutane fiye da 150 ta kuma datse hanya. A irin wannan yanayi wanda ya riga ya sami ɗaki sai ya ƙara kwana, wanda ya ce bari in matsa gaba kaɗan shi ke kwana a titi da yara. Don haka nakan ce wa maigida ya riƙe kuɗin kwana biyu, wani abu daga ciki tsaba a aljihu, domin na'urar POS takan ƙi aiki daidai lokacin da ake bukatarta.

Rana ta biyu lissafinta ɗaya ne: a tashi bayan Asuba, a haye gadar gari na wayewa, a wuce Abaji da Gwagwalada da Zuba, a ratsa tsakanin Abuja da Kaduna rana tsaka, lokacin da motoci suka yi yawa a titi. Wajen Katari da Rijana ba na tsayawa ko yaro yana kuka. Daga Zuba zuwa Kano ta Kaduna da Zariya wajen kilomita 375 ne, in ba a sami cikas a Tafa ko Mararrabar Jos ba ana shiga gida kafin Magariba. Masu wucewa Haɗeja ko Daura ko Maraɗi, in na ga rana ta yi sanyi muna Zariya, nan nake ce musu a sake kwana. Sukan yi gunaguni, wai ga gida ana hange, ni kuwa in ce Alhaji ya kira ya ce a ajiye tuwon, gobe da hantsi a ɗumama mana.