Jimla ɗaya a babi na biyu

Na kwashe kayana daga ɗakin ɗaliban digiri na biyu makon jiya, bayan ƙarin wata shida da jimla ɗaya ta jawo mini.

A babi na biyu na kundin digirina na rubuta cewa Lamarck, masanin halittu ɗan Faransa, ya ce abin da dabba ta saba da shi a rayuwarta yana bin 'ya'yanta, sai Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya zo a 1859 ya rushe wannan ra'ayi. Haka aka koya mana da hoton raƙumin dawa mai miƙa wuya, haka kuma na kwafa. Ranar kare kundi, farfesan da aka gayyato daga waje ya cire tabarau ya ce, "Malam, ka karanta Darwin da kanka, ko labarinsa aka ba ka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na karanta." Ban karanta ba.

Nan ya warware mini a gaban kowa. Darwin ya yarda cewa yawan amfani da gaɓa ko barinta yana shiga gado. A 1868 har ya kawo bayanin cewa kowane sashe na jiki yana sakin wasu ƙananan ƙwayoyi da ke taruwa su wuce ga zuriya. Ɗan'uwansa Galton ya gwada hakan da sauya wa zomaye jini, launin 'ya'yansu bai canza ba. Wani masani Bajamushe, Hering, ya ce a 1870 gado wani nau'in tunawa ne, marubucin Ingila Samuel Butler kuma ya riƙe wannan, yana ganin ɗan tsako na fasa ƙwai ne domin yana tuna abin da kakanninsa suka yi ta yi. Wato dalilin da barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shi suka shekara da shekaru suna jayayya a kai. Wanda ya tsaya tsayin daka a kan cewa abin da aka koya ba a gadonsa shi ne masanin halittu Bajamushe Weismann, mai yanke wutsiyar ɓeraye har zuriya biyar, 'ya'yan na fitowa da wutsiyarsu.

Da na san aikina, ina da amsa: Darwin ya kafa hujja da tururuwa ma'aikata, waɗanda ba sa haihuwa, don haka ba ta hanyar sabo suka gadar da ɗabi'arsu ba. Sai daga baya na gano wannan a laburare.

Laifina ne, na ɗauka. Amma malamin da ya duba aikin ya sa hannu a babin nan sau biyu, kuma a ranar ya kalli farfesa ya ce ya sha gaya mini. Bai taɓa ba. Ina da kwafin da ya yi wa gyara da jan biro, waƙafi kawai ya taɓa a shafin.

Ga na baya: ku nemi asalin littafi, ko da shafi goma ne. Ku ajiye duk kwafin da aka yi muku gyara, da kwanan wata. Babin da na sake rubutawa ya kai shafi 31, kuma ba wanda ya taya ni ko layi ɗaya.