Wasiƙa daga Greensboro: masu son karya harshe irin na Amurkawa

Zuwa ga 'yan'uwa da abokan arziki na gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kowa yana lafiya, ya kuma haƙuri da tsadar kaya. Mu nan jihar Karolina ta Arewa sai godiyar Allah.

Ƙannena da tsofaffin ɗalibaina sun dame ni da tambaya guda: "Yaya, wace dabara zan yi Turancina ya koma irin na Amurkawa?" Wani ma ya ce an buɗe aji a unguwarsu, ana karɓar kuɗi don a koya wa mutum karya harshe, yana neman shawara ko ya biya. Na ga gara in amsa wa kowa a wuri ɗaya.

Tukuna ma, wane Ba'amurken kuke so ku kwaikwaya? Wanda kuke ji a finafinai da labaran talabijin kashi ɗaya ne cikin kashi da yawa. Mutanen nan kudu jan magana suke yi, kuma a bakin yawancinsu "pen" da "pin" sauti ɗaya ne, har sai mutum ya ce "ink pen" kafin a san biro yake nema ba fil ba. Tsohon ɗan Boston kuwa haɗiye harafin r yake yi. Kuma junansu ba su bar juna ba. Akwai abokiyar aikina, Baturiya haifaffiyar wani ƙauye a nan jihar, da ta gaya mini cewa in za ta je ganawar neman aiki a arewacin ƙasar sai ta ɓoye harshen garinsu, don da ta buɗe baki za a ɗauke ta baƙauyiya marar kai. Abin da wasu Kanawa ke yi wa Basakkwace in ya ce "shina zakkuwa", shi ake yi mata a ƙasar haihuwarta.

Wannan r ɗin da samarinmu ke murɗa harshe a kansa yana da labari. A 1962 wani masanin harshe, William Labov, ya shiga manyan kantuna uku a New York: Saks na masu hannu da shuni, Macy's na matsakaita, da S. Klein na masu neman araha. Yakan tambayi ma'aikaci inda ake sayar da wani kaya da ya riga ya san yana hawa na huɗu, don kawai a amsa masa da "fourth floor". Ya tarar ma'aikatan kantin tsada sun fi furta r, na kantin araha sun fi yar da shi. To ku haye Ingila: can yar da r ɗin ne Turancin fada da na tsofaffin masu karanta labarai a BBC, mai furta shi kuwa sai a ce manomi ne daga kudu maso yamma. Sauti ɗaya, nan alamar gata, can alamar ƙauyanci. Wanda ke da kuɗi da mulki a gari, harshensa ne ake kira mai daɗi.

Amurkawa kuma, abin dariya, Turancin Ingila ke burge su. Da sun ji shi sai su ɗauka mai ilimi ne ke magana, ko da shirme yake zubawa. Ku nemi jawaban Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na ziyarar da ya kawo Washington a watan Yulin 1961, zamanin Shugaba Kennedy. Suna nan a YouTube. Turancin Kwalejin Katsina ne tsantsa, kowace kalma a zaune daram, babu gaggawa, babu r ɗin aro ko ɗaya. In da za a ba ni zaɓi tsakanin wannan da abin da wasu masu gabatar da shiri ke yi a gidajen rediyon FM na gida, inda ake cusa r har a inda Ba'amurken ma bai sa ba, ba sai na yi dogon tunani ba.

Akwai kuma abin da masu ajin karya harshe ba za su gaya muku ba. A 1992 Donald Rubin na Jami'ar Georgia ya kunna wa ɗalibai lacca a kaset, muryar wata Ba'amurkiya 'yar asalin Ohio. Wasu aka nuna musu hoton farar mace a matsayin malamar, wasu hoton 'yar Asiya. Murya ɗaya ce. Amma waɗanda suka ga fuskar Asiya suka ce sun ji harshen baƙi, kuma da aka gwada su sai aka ga sun fi sauran kasa kama abin da aka faɗa. John Baugh, shi kuma baƙar fata ne masanin harshe, ya riƙa buga wa masu gidajen haya waya a yankin San Francisco, yana sauya murya: yau ta fararen fata, gobe ta baƙaƙen Amurka, jibi ta 'yan asalin Meziko. A unguwannin fararen fata, murya ta farko ce aka fi ce wa ta zo ta ga ɗaki. Baƙaƙen nan fa a nan aka haifi kakannin kakanninsu, ba su da wani harshe sai Turanci. Saboda haka wanda ya zaci in ya goge harshensa an daina yi masa kallon baƙo, ya sake lissafi. Doka dai tana nan: dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana nuna bambanci a wurin aiki saboda asalin ƙasar mutum, kuma hukumar da ke sa ido kan adalci a ɗaukar aiki ta fassara ta da cewa ba a hana mutum aiki don harshensa sai in yana tauye aikin da gaske. Tabbatar da hakan a gaban alƙali wani aiki ne daban.

Ba cewa nake a bar baki yadda yake ba. Lissafi nake koyarwa a sakandare, kuma a ajina 13 da 30 ba abin wasa ba ne. Ba'amurke yana danna ƙarshen "thirteen", a "thirty" kuma ya danna farko, t ɗin ya koma kamar d mai laushi. In ka furta su da nauyi ɗaya yadda muka saba, rabin aji ya rubuta wannan, rabi ya rubuta wancan. Irin wannan shi ya cancanci wahala: inda nauyin kalma yake faɗawa, da rabe p da f, wanda duk Bahaushe ya san nan ne tuntuɓenmu, da sa harshe tsakanin haƙora a "th" maimakon s ko z. Muna ma da gatan da wasu ba su da shi, don Hausa tana da dogon wasali da gajere, kunnenmu ya riga ya saba, "ship" da "sheep" ba sa ba mu wuya sosai. Sai rage sauri. Yawancin "sorry?" da ake ce wa sabon zuwa, gudu ne ya jawo masa.

Greensboro tana da 'yan Nijar da yawa. Akwai dattijan da suka zo da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, Turancinsu har gobe da ƙamshin Yamai a ciki, kuma da shi suka buɗe shaguna, suka sayi gidaje, suka kai 'ya'ya jami'a. 'Ya'yan ne suka sami harshen da kuke nema, kyauta, a filin wasan makaranta. 'Yata ƙarama ba ta cika shekara a nazare ba, sai ta fara gyara mini yadda ake cewa ruwa da Turanci. Ita kuma in ta zo faɗin "ƙofa" sai ta ce "kofa", "ɗaki" ya koma "daki", in kakarta ta kira a waya sai an yi tafinta a wasu wuraren. Da muka zauna da iyaye bayan sallar Juma'a, wannan ne ke cin ranmu, har ana maganar haɗa ajin Hausa ranar Asabar.

Kai mai tambayar ajin unguwarku, in malamin zai zauna da kai a kan p da f da nauyin kalma, ya naɗi muryarka ka saurara, to biya. In kuwa "wanna" da "gonna" zai haddasa maka, riƙe kuɗinka ka sayi data ka riƙa sauraron NPR, gidan rediyon jama'a na Amurka, ba a biyan ko sisi.

A gaida iyaye da yara. A wasiƙa ta gaba, in Allah ya kai mu, zan yi bayanin yadda malamin makaranta daga gida ke samun lasisin koyarwa a nan, tunda ita ma ana yawan tambaya.

Naku,
ɗan'uwanku a Greensboro