Ba gidajen muke ƙi ba, a bar mana hanyar ruwa da filin makaranta

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganar fili zan yi, kuma na san duk wanda yake zaune a bakin garin Kano, ko ta Kumbotso ne ko Ungogo ko hanyar Gwarzo ko can Mariri, yana da irin wannan labarin a unguwarsu, in bai faru ba to yana hanya. Gari yana ta faɗaɗa, gonakin da ake noma dawa da gyaɗa jiya yau sun zama fulotai, gidajen bakin titi ana ta rushe su ana ɗora filaza, kuma duk wanda ya buɗe baki ya ce a tsaya a duba sai a ce ɗan baƙin ciki ne ba ya son ci gaba. Wannan kalmar ta "baƙin ciki" ita ta fi damuna wallahi, don da ita ake rufe bakin mutanen da suke da gaskiya.

Mu dai abin da ya haɗa mu shi ne wani babban fili da ke bayan unguwarmu. Wurin kwari ne, duk ruwan da ya sauko daga layukanmu nan yake taruwa ya kwanta kwana biyu kafin ya gangara rafi, da rani kuma yara su mayar da shi filin ƙwallo, mu yi sallar idi a gefensa. A tsohuwar taswirar da dattawan unguwa suke riƙe da kwafinta, wadda duk ta yi ja ta yayyage a wurin ninki har sai da aka manne ta da salatif, an ware wani ɓangare na filin an rubuta makarantar firamare, wani ɓangaren kuma ƙaramin asibiti. Ba a taɓa gina ko ɗaya ba, amma dai muna ganin fili muna sa rai. Sai kawai aka wayi gari an kakkafa turakun siminti masu lamba tun daga wannan bakin har wancan, aka dasa ƙaton allo mai hoton gidaje masu jan rufi da shuke-shuke, wai wani kamfani zai yi rukunin gidaje, babu wanda ya zo ya yi wa kowa sallama, mai unguwa ma a bakin yara ya ji.

A daidai wannan lokacin kuma gidajen da ke kan babban layinmu ake ta sauya musu manufa daga gidan zama zuwa wurin kasuwanci. Gida ɗaya ya zama gidan biki, duk ƙarshen mako motoci sun toshe layi ko mai naƙuda aka ɗauko sai an yi ta roƙo kafin a matsa, wani kuma an ce wurin sayar da gas za a yi, katangarsa ɗaya da makarantar Islamiyya da yara suke cika ta da yamma. Wannan na gas ɗin shi ya fi tayar wa mata hankali, kuma suna da gaskiya, mu mun fita kasuwa su ne a gida da yaran.

Amma bari in faɗi wata magana da wasu maƙwabtana ba sa son ji. A taron da muka yi a ƙofar gidan mai unguwa akwai waɗanda suka tsaya kai da fata cewa kada a ƙara gida ko ɗaya, unguwa ta cika, baƙi za su shigo ba a san halinsu ba. Ni ban yarda da wannan ba kuma a wurin na faɗa, na ce ranka ya daɗe duk wanda yake zaune a nan a kan gonar wani yake zaune, mu ma baƙin ne wata rana, kuma da mutanen ƙauyen da muka tarar sun ce ba sa son baƙi da yanzu muna can cikin gari mutum goma a ɗaki biyu. A ƙidayar 2006 jihar Kano ta haura mutum miliyan 9, yaran da aka haifa a waccan shekarar su ne yanzu suke neman aure suna neman ɗaki, ina za su? Ƙananan hukumomi 8 da ake kira ƙwaryar birni, Birni da Kewaye da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Ungogo da Kumbotso, duk sun haɗe sun zama abu ɗaya har gini ya tsallaka Dawakin Kudu da Gezawa da Dawakin Tofa. Kuɗin haya kuwa ku tambayi duk ango. Saboda haka gida dole a gina, wanda ya ce kar a gina to bai yi wa ƙannensa adalci ba.

Tambayar ita ce a ina, kuma da wane tanadi, kuma don wa. Na ƙarshen ma ba ƙarama ba ce, don mun ga rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 zuwa 2015, gidaje masu kyau da tituna, amma da yawansu suka daɗe a rufe ba kowa a ciki saboda ba malamin firamare ko ɗan adaidaita ne zai iya sayensu ba, masu saye kuma suna da inda suke zaune. In har irin gidajen da ke jikin allon nan za a yi a bayanmu to ba yaran unguwa ne za su shiga ba, za a zagaye su da katanga a sa geti da maigadi, a haƙa burtsatse mai zurfi a kowane gida rijiyoyinmu su ƙafe, ruwan saman da rufinsu da dandamalinsu suka tara kuma a turo mana shi ta ƙarƙashin katanga.

Maganar ruwan nan ita ce gaba da komai a wurina. Duk ɗan Kano ya san kududdufi, iyayenmu sun haƙa su ne suna ɗiban ƙasar gini, daga baya suka zama wurin da ruwan damina yake sauka ya huta, shi ya sa tsofaffin unguwanni da gidajen ƙasa suka yi shekaru aru-aru ba su narke ba. Yanzu a bi a duba nawa suka rage, an yi ta zuba musu shara da ɓaraguzai har suka cike, aka yanka aka sayar aka yi gini a kai. To shi ruwa ba a yi masa sabon masauki ba, sai ya shiga ɗakunan mutane. A daminar 2022 kowa ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, kuma abin da 'yan kasuwar suka yi ta nunawa shi ne gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa. Wannan fa kasuwa ce ta masu hali masu murya. Mu a layinmu akwai wata baiwar Allah mai takaba da marayu, gidanta shi ne na ƙarshe kafin filin, ko yanzu in aka yi ruwa mai ƙarfi za ka ga layin danshi a jikin bangonta ya kai gwiwa, ta jera buhunan yashi a bakin ƙofa tana kwashe ruwa da roba cikin dare. Ran da aka cike kwarin nan aka ɗaga shi ya fi layinmu tudu, gidanta ne zai zama sabon kududdufin, ba sai injiniya ya faɗa ba.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba sai da rigimar ta taso shi ne yadda doka ta tsara abin. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana, ya riƙe don amfanin jama'a, takardar da take hannunka izinin zama ce kawai, kuma gwamna zai iya soke ta in akwai buƙatar jama'a da ta fi taka, diyyar da za a ba ka ma ta abin da ka gina ce ko ka shuka. To tunda amana ce, filin da aka ware wa makaranta ai shi ne ya fi kowane fili cancantar a tsare shi, amma a zahiri shi ake fara yankawa saboda shi ne ba shi da mutum ɗaya da zai tsaya ya ce nawa ne. Sannan dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi cewa in an zana tsarin gari a baje shi mutane su gani su kawo ƙorafinsu a rubuce kafin a amince da shi, duk da dai a 2003 Kotun Ƙoli ta ce tsara gari hurumin jihohi ne, ma'ana kowace jiha ita za ta ɗauki wannan nauyin da dokarta. Kano ma ba baƙuwar tsari ba ce, tun 1963 aka yi mata tsarin shekara 20 wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya jagoranta, hukumar tsara birni kuma tana nan, wadda a da ake kira KASEPPA yanzu kuma KNUPDA, ga KANGIS mai ajiye bayanan filaye a kwamfuta. Sai dai gari ya riga tsarin gudu, rabin unguwanninmu awon igiya ne, dillali da mai gona su ja igiya su yanka hamsin da hamsin, a bar lungun da ko motar ɗaukar gawa ba za ta shiga ba, ba wurin kwata ba wurin taransifoma ba maƙabarta, sai an cika sannan a fara karo-karo ana neman inda za a binne mutane.

Kuma mun ga abin da yake faruwa in aka yi shiru har gini ya tashi. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan da rantsar da gwamna Abba Kabir Yusuf, aka shiga rusau, ginin Filin Sukuwa da na tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi duk aka kwantar da su, gwamnati ta ce filayen jama'a ne aka sayar ba bisa ƙa'ida ba a gwamnatin da ta wuce. Mutane suka rabu biyu kowa da jam'iyyarsa, ni ba wannan zan shiga ba. Abin da na gani shi ne masu shagunan Filin Idi sun je kotun tarayya ta ce a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3, kuɗin kuma daga asusun jama'a zai fita, wanda ya sayi shago da guminsa ya yi asara, wanda ya sa hannu aka yanka filin tun farko yana gidansa. A Rimin Zakara kuwa, inda aka daɗe ana jayayya kan fili tsakanin mazauna da jami'ar Bayero, rusau na farkon 2025 har rayuka aka rasa, Allah ya jiƙansu. Tun ran gini tun ran zane, mu ba ma son a bari sai an zuba dakin sannan wata gwamnati ta zo da jan fenti da katafila, a lokacin mutanen da suka tara kuɗin fansho suka saya su ne za su yi asara.

Shi ya sa muka ƙi bin shawarar samarin da suka ce a je cikin dare a tumɓuke turakun a ƙona allon. Na fahimci zafinsu, filin ƙwallonsu ne, amma ranar da aka yi haka magana ta tashi daga ta makaranta da ruwa ta koma ta 'yan sanda da beli. Muka zauna muka rubuta takarda, limamai da shugabannin Islamiyya da ƙungiyar matan unguwa da masu shaguna duk suka sa hannu, waɗanda ba sa rubutu suka dangwala, muka haɗa da kwafin tsohuwar taswirar da hotunan da mutane suka ɗauka a waya lokacin da filin yake cike da ruwa, aka bi ta hannun mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, aka kai kwafi ofisoshin da abin ya shafa aka tabbatar an buga mana hatimin karɓa a namu. In kuna cikin irin wannan hali don Allah kada ku raina hatimin nan, kuma kada ku bar takardun a hannun mutum ɗaya, a yi kwafi a rarraba, saboda mutum ɗaya ana iya kiransa gefe a yi masa alƙawarin fuloti.

Abin da muka nema a ciki ba shi da yawa. A nuna mana takardar da ta sauya filin daga na makaranta zuwa na gidaje da wanda ya sa mata hannu, a fitar da ɓangaren makaranta da asibiti daga cikin aikin, a gina magudanar ruwa mai faɗi har rafi kafin a ɗora bulo ɗaya, wurin gas kuma a nema masa wani waje nesa da yara. Sauran filin da yake kan tudu su gina, Allah ya sa albarka, za mu je mu yi wa masu tarewa barka da zuwa. Wakilin kamfanin ya aiko cewa a ba shi mutum uku su gana a ofis, muka mayar masa da amsa cewa ya zo filin da kansa bayan la'asar ranar Asabar, a gaban kowa har da matan, ya taho da taswirarsa mu ma za mu fito da tamu.