Ƙwallo ta fara tsayawa, sannan a saki kare

Masu karnukan gadi irin su German Shepherd da Boerboel sukan ɗauka cewa in an yi ta jefa wa kare ƙwallo har ya zaro harshe ya zube, to an motsa masa jiki. Gudun ba shi da laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen cin birki. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin kare a ƙafafun gaba yake, kuma in ya taho a guje ƙwallo ta canza hanya, a kansu yake turjewa ya murɗe jiki. A yi ta maimaita haka kullum a tsakar gida mai siminti, kafaɗa da wuyan ƙafa ne za su fara jin jiki, sai jijiyar cikin gwiwar baya, wadda in ta tsinke a babban kare yawanci sai tiyata. Ɗan kwikwiyo ya fi shiga haɗari, domin ƙashin manyan karnuka ba ya gama ƙwari sai wata 12 zuwa 18.

Ga kuma zafi. Da haki kare yake huce jikinsa, kuma wanda ƙwallo ta shiga ransa ba ya tsayawa don kansa, ko da a ranar Afrilu ce. Ƙwallon tanis ma gashinta na riƙe yashi, ya riƙa goge haƙora kamar samfefa. Sanda kuwa kada a jefa ta sam: takan cake a ƙasa, kare ya afka mata da baki buɗe ta soke shi a maƙogwaro.

Ba sai an rabu da ƙwallon ba, tsarin za a juya. A zaunar da kare a riƙe igiyarsa, a wurga ƙwallon cikin ciyawa, a jira ta tsaya cak, a ƙirga biyar, sannan a ce masa "nemo". Zai tafi da sassarfa hanci a ƙasa, babu tsalle babu murɗewa. Sau biyar ya isa a rana. In ya fizge kafin a ba shi izini, an yi jifan da nisa ne. A rage nisan jifan zuwa taku uku a sake.

Abin da ya fi gajiyar da kare cikin lafiya aikin hanci ne. A ɗebi rabin abincinsa busasshe a watsa a ciyawa ko ƙasa mai tsabta, faɗin ɗaki guda, ya yi ta tsinta. Bayan kwana biyu-uku a koma ɓoyewa: kwalaye huɗu, ɗan busasshen nama marar yaji kuma marar albasa a cikin ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne nuna masa da yatsa. Da zarar an saba masa, sai ya daina shinshina ya koma kallon hannun mai shi. Minti goma zuwa sha biyar na wannan, za a ga ya nemi inuwa ya kwanta, ba ya zagaye gida yana haushi.

Ja-in-ja da igiya mai kauri ma yana da kyau, in dai ana ja gefe da gefe kusa da ƙasa, ƙafafunsa huɗu a dafe, kuma ya san kalmar "saki". Ɗaga shi sama da igiya a baki wuya yake ɓatawa.

Sai yawo da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da doguwar igiya mai mita biyar a maƙale a rigar ƙirji, ba a wuya ba. A bar shi ya tsaya ya shinshina duk gindin bishiyar da ya so. Kafin a fita a dafa kwalta da bayan hannu. In ba a iya jure daƙiƙa biyar ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba.