Ƙullin da ya kwance ranar Sallah

Jibi in Allah ya kai mu zan hau motar Ngaundere, daga ni sai basillata da almakashina, bayan shekara shida ina koyon ɗinki a rumfar maigidana, Baba, a nan Garwa. Waɗanda suka zauna rumfar sun san yadda ake shimfiɗa auduga tsakanin ƙyalle biyu a ja layi da alli, ba sai na maimaita ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lifidin ƙaramar Sallar 2023, wato rigar doki mai cushen auduga, kuma tunda tafiya zan yi, gara in amayar da shi.

Wani bafade ne ya kawo aikin, lifidin doki, ja da rawaya, saura kwana 12 a sha ruwa. Watan Afrilu ne, zafin Garwa ya haura digiri 40, ga azumi a baki. Baba ya ba babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, kuɗin zare. Mu da zaren auduga mai kauri muka saba, mu goga masa kakin zuma kafin mu zura. Sai ga Yaya da zaren leda mai sheƙi, mai araha. A garin da kamfanin auduga na Sodecoton ke da hedkwata, garin da motocin auduga ke wuce mu kullum da rani! Canjin kuwa bai koma aljihun Baba ba, kowa a rumfar ya san haka.

Ina zura shi a kafar allura na ji santsinsa. Na ce, "Yaya, anya zaren nan zai riƙe ƙulli?" Ya ce, "Yaushe ka fara koya wa mutane zare? Ɗinka kawai." Na ja bakina na yi shiru.

Amma kada in ɗora masa duka, hannuna ne ya yi ƙullin. Na yi shi yadda nake yi da zaren auduga: in naɗa zare sau biyu a jikin allura, in danne da babban yatsa, in ja. Zaren auduga yana da ɗan gashi-gashi, shi ke sa ƙullin ya cije kansa. Na leda ba shi da wannan, kullum so yake ya miƙe ya koma yadda yake. Sannan na bar ƙullayen a waje, ta gefen da ke kwanciya a jikin doki, na bi su da almakashi na datse jelar kowanne ƙut, don a lokacin ina ji da kaina wajen tsabtar aiki. Ban tuna cewa nan ne gumi ke jiƙawa ba, nan ne kuma ake gurzawa duk takun da dokin ya yi.

Ranar hawa ina cikin 'yan kallo. Mahayin ya sako doki a guje, ya ja linzami a gaban fada, sai ɗinkin ƙirji ya buɗe. Ƙulli ɗaya ne ya fara saki, layin ya bi shi. Auduga ta riƙa tashi kamar ana figar kaza, yara suna shewa.

Washegari a gaban bafaden Baba ya ce, "Ɗan nan, shekara uku kana cin tuwona, ƙulli ma ya gagare ka?" Aka yanke sefa 15,000 daga ɗan abin da ake ba ni. Yaya yana gefe yana kurɓar shayi, ko tari bai yi ba. Ni ma ban ambaci zaren ba. Wa zai saurari ƙarar ɗan gida daga bakin almajiri?

Ni na warware lifidin na sake shi, wata guda cur. A nan na koyi binne ƙulli. In zan fara, sai in soka allura ɗan nesa da inda ɗinki zai tashi, ta bi ta cikin audugar ba tare da ta huda ƙyallen ƙasa ba, in ɗan fizga har in ji ƙullin ya yi "ɗas" ya shige ciki. In zan rufe, sai na koma baya taku biyu ko uku a kan ɗinkin, in yi ƙulli daf da ƙyalle, in mayar da allura ramin da ta fito, in tafi da ita cikin audugar kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, sannan in yanke. Jelar ta kwanta a ciki, ba abin da zai gurje ta. Zare mai santsi kuwa naɗi uku ko huɗu nake masa, kuma ba na fara aiki sai na yi ƙulli a tsumma na ja shi da ƙarfi na gani.

Sauran darussan ba su da yawa. Zare kada ya wuce kamu ɗaya da rabi, in ya wuce sai ya harɗe ya sile. Kuɗin kayan aiki kuma, duk wanda aka aika, a nemi ganin abin da ya sayo kafin a zura allura.

Jiya Baba ya kira ni in nuna wa sabon yaro ƙulli kafin in tafi. Yaya na tsaye a bakin rumfa. Baba ya duba aikin ya ce, "Me ya sa kake barin jela mai tsawo haka a ciki?" Na ce, "Saboda zaren leda ne, Baba." Ya daɗe yana juya ƙyallen a hannunsa, sannan ya miƙa wa yaron ya ce ya yi irin nawa.