Ranar da aka soke ƙarar martani

A tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke unguwar Kongo a Zariya an karantar da mu cewa wanda aka kai ƙara yana iya mayar da ƙara kan mai ƙararsa a cikin shari'a guda, kuma wannan ƙarar martani da ƙafarta take tsaye: ko mai ƙara ya janye tasa, ko kotu ta kore ta, ta martanin tana nan da ranta. Sai da na fara aiki a Zariya na gane cewa aikin lauya na gaske yana farawa ne ranar da mai shari'a ya soke ta.

A ce ɗan kasuwa a Sabon Gari ya karɓi taki bashi, mai kaya ya maka shi a Babbar Kotun Jiha kan cikon kuɗi. Shi kuma ya ce takin gurɓatacce ne, a biya shi asararsa. Idan aka soke wannan ƙarar martani tasa, tun a harabar kotu zai ce, "Barista, mu ɗaukaka ƙara kawai." Nakan ce, "Alhaji, bari mu karɓi kwafin hukuncin mu ga dalili tukuna."

Dalilin shi ne komai. Wani lokaci kuɗin shigar da ƙarar ne ba a biya ba, ko ba a zo kotu an bi ta ba, ko alƙali ya ga gara a saurare ta daban. A irin wannan ba a taɓa gundarin maganar ba, ƙofa a buɗe take: a nemi a dawo da ita, ko a shigar da sabuwa, muddin dokar ƙayyade wa'adi ba ta cinye haƙƙin ba. Wanda aka saurari shaidunsa aka kori ƙararsa, shi ne ba ya da sauran hanya sai sama. Ina ganin zalunci ne lauya ya ja mutum zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a Kaduna, da kuɗin haɗa kundin shari'a da jiran shekaru, kan abin da takardar roƙo ɗaya za ta gyara a nan gida.

In kuwa ɗaukakawa ta zama dole, lokaci ne abokin gaba. Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba da wata 3 ga hukuncin ƙarshe, kwana 14 kacal ga hukuncin tsakiyar shari'a. To soke ƙarar martani, alhali babbar ƙarar tana ci gaba, wanne ne? Kotun Ƙoli, a shari'ar Akinsanya da bankin UBA ta 1986, ta ce a duba ko umarnin ya raba gardamar kwata-kwata a wannan kotun. Shi ya sa in kotu ta ce ba ta da hurumi, ana lissafa shi na ƙarshe. Amma sau da yawa layin ba ya fitowa fili, kuma lauyan ɗaya ɓangaren yana jiran ka zame. Ni dai kwana 14 nake ƙirgawa duk inda na ji shakka.

Akwai kuma batun izini. Sashe na 241 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba da damar ɗaukakawa kai tsaye kan hukuncin ƙarshe, ko inda ƙorafin na doka ne zalla. In ya haɗa da abin da ya faru a zahiri kuma hukuncin na tsakiya ne, sashe na 242 ya ce sai da izinin kotu. Wanda ya makara kuwa alhali yana buƙatar izini, roƙo uku ke gabansa a takarda ɗaya: ƙarin lokacin neman izini, izinin kansa, da ƙarin lokacin ɗaukakawa. Sai ya rantse kan abin da ya jinkirta shi, ya kuma nuna cewa ƙorafinsa yana da nauyin da ya cancanci a saurara.