Darasi daga kujerar likita: ruɓewa mai zurfi a haƙoran nono

Kafin a ɗauki ƙarfe, a fara da tambayar uwa. Ciwon yana tashi ne idan yaro ya sha sanyi ko zaƙi, ya lafa nan take? To jijiyar da ke cikin haƙorin na iya farfaɗowa. Idan kuwa yana ta da shi daga barci, ko akwai ƙurji mai mugunya a dasashi, ko haƙorin na girgiɗi alhali lokacin famfararsa bai yi ba, ciko kaɗai ba zai yi magani ba, sai aikin jijiya ko cirewa. Gwajin sanyi ba abin dogaro ba ne ga ɗan shekara 4, tsoro kan sa ya ce eh ga komai. A hoton eksire a duba abu biyu: lafiyayyen naman haƙori tsakanin kogon da ruɓewa ta yi da jijiya, da kuma duhu a tsakanin saiwoyi, inda cutar turamen yara ta fi bayyana.

Wajen kankarewa ne aka fi yin ɓarna. Haƙorin nono ɓawonsa siriri ne, ɗakin jijiyarsa kuma babba, don haka mai son ganin kogo fes yakan huda jijiyar da ba ta da laifi. Gefen kogon, inda ciko zai kama, a kankare shi har ƙarfe ya ji tauri. Ƙasan da ke saman jijiya kuwa, da ƙaramin cokalin hannu za a kwashe abin da ya yi laɓa-laɓa, daga gefe zuwa tsakiya, a bar sauran. Ƙwayoyin cutar da aka rufe ruf ba sa samun sukari, sai ruɓewar ta tsaya. Amma fa in yawu ya shiga lokacin ciko, ko gefe ya bar kafa, aiki ya koma baya.

Shi ya sa idan ruɓewa ta ci bango biyu na turmi, hular ƙarfe da ake kifa wa haƙorin ta fi ciko ƙarko. A dabarar Hall, wadda ta fito daga Sikotilan, ba allura ba kankarewa: a cika hular da simintin haƙori da ake kira gilas ayonoma, yaro ya cije ta zauna. Inda haƙora suka matse, a sa robar raba su na 'yan kwanaki tukuna.

Ga yaron da ya ƙi zama, ruwan SDF (silver diamine fluoride, maganin da ake shafawa a kan ruɓewa) mai ƙarfin kashi 38 cikin 100 yana tsayar da ruɓewa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin muhimman magunguna a 2021. Sai dai wurin zai koma baƙi ƙirin, a gaya wa iyaye tun kafin a shafa.